GYARA KAYANKA: YADDA AKE TSARA JERIN MANHAJOJI A KWAMFUTAR TEBUR

Gabatarwa

Ɗalibai, malamai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, a bana mun zaɓi mu yi bayani a kan wani ƙaramin abu wanda ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa yana cinye mana lokaci a kowane darasi. Wannan abu shi ne jerin sunayen manhajoji da ke buɗewa idan aka danna maɓallin Start a ƙasan fuskar kwamfuta. Manhaja ita ce kowane shirin aiki da aka ɗora wa kwamfuta, kamar na buga wasiƙa, na lissafi, na zane ko na gwajin jarrabawa. Sa'ad da kwamfuta take sabuwa jerin gajere ne. Bayan shekara biyu ko uku a hannun mutane da yawa, sai ya yi tsawo ya cakuɗe, har ɗalibi ya rasa inda zai sa ido.

Wani zai ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. To, mu duba halin da muke ciki a nan Dayi da sauran garuruwan Malumfashi da Funtuwa. Kwamfutocin makarantu irin tamu ba su da yawa, ɗalibai da dama ne ke zama a gaban guda ɗaya. Wutar lantarki ba ta da tabbas, man janareta kuma da kuɗin makaranta ake sayensa, wato da gumin iyayen da suka sayar da masara, dawa, waken soya ko auduga. A ce darasi na minti 40 ne, sa'an nan minti 5 suka tafi wajen neman manhajar da za a yi aiki da ita. An yi asarar kashi ɗaya cikin takwas na darasin ke nan, janareta kuwa yana ta ci.

Ban da wannan, hukumar JAMB ta fara gudanar da jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta koma ga kwamfuta gaba ɗaya. Hukumar WAEC ma ta soma nata a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Ɗalibin da yake jin tsoron kwamfuta tun a makaranta, da wannan tsoron zai shiga ɗakin jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin Jerin A Taƙaice

Nijeriya ta fitar da manufar koyar da ilimin kwamfuta a makarantu a 1988. A wancan lokaci yawancin kwamfutoci ba su da jerin da ake zaɓa da linzami. Sai mutum ya haddace sunan manhaja, ya buga shi harafi bayan harafi a kan baƙin allo. Da Windows 3.0 ya fito a 1990, da kuma Windows 3.1 a 1992, sai aka riƙa tara alamomin manhajoji rukuni-rukuni a wani wuri mai suna Program Manager. Matsalarsa ita ce ba a iya sa rukuni a cikin wani rukuni, don haka tagogi kan cika fuskar kwamfuta.

A ranar 24 ga Agusta, 1995 kamfanin Microsoft na Amurka ya fitar da Windows 95, wanda ya zo da maɓallin Start. Manufar ita ce a sami ƙofa guda wadda ko baƙo zai gane cewa ta nan ake farawa. Ba a daɗe ba sai aka ga ƙofar ita ma tana cika. Daga nan kamfanin ya yi ta gwada dabaru. Windows 2000 ya riƙa ɓoye sunayen da aka daɗe ba a taɓa ba, amma wannan ya rikita mutane, domin abin da suka gani jiya yau ba ya nan. Windows XP na 2001 ya raba jerin gida biyu, ya kuma ba da damar maƙala manhajojin da aka fi so a sama. Windows Vista na 2007 ya ƙara gurbin bincike, inda ake buga haruffan farko na suna. Windows 8 na 2012 ya cire jerin ɗungurungum, ya maye gurbinsa da manyan murabba'ai masu cika fuska. Jama'a suka yi ta ƙorafi har Windows 10 ya dawo da shi a 2015. Windows 11 na 2021 ya matsar da shi zuwa tsakiya.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, shekara 30 ana sake wa jerin kama, amma babu kamar da ta hana shi cika. Wanda yake amfani da kwamfutar shi ne ya san abin da yake buƙata, don haka gyaran yana wuyansa.

Me Ke Sa Jerin Ya Cika?

Dalili na farko shi ne halin manhajojin kansu. Duk wadda aka ɗora, sai ta buɗe wa kanta folda a cikin jerin, sau da yawa da sunan kamfanin da ya yi ta. A cikin foldar kuma ba sunanta kaɗai take sawa ba. Takan ƙara takardar bayani, da hanyar zuwa shafin kamfanin a intanet, da hanyar cire ta. Manhaja ɗaya ta zama suna huɗu ko biyar. Ɗalibin aji ɗaya da ke neman abin zane bai san sunan kamfani ba, aikin da zai yi kawai ya sani.

Dalili na biyu shi ne yadda kwamfutocin ke zuwa mana. Da yawa na hannu ne, an yi aiki da su a wani ofis ko wata ƙasa kafin su iso kasuwannin Kano. Mai sayarwa ko mai gyara kuma, da kyakkyawar niyya, yakan loda musu duk abin da ke cikin filash ɗinsa, don kada mai saye ya dawo ya ce an rage masa wani abu. Sai ka tarar da manhajar kallon bidiyo har uku, ta shiga intanet huɗu, da wasu na aikin injiniya waɗanda babu mai buɗe su.

Dalili na uku shi ne hannu da yawa. Malamin lissafi ya ɗora tasa, akawu ya ɗora tasa, ɗalibi ya ɗora wasan ƙwallo a ɓoye. Wasu manhajojin kyauta kuma sukan shigo da 'yan rakiya idan aka yi ta danna amincewa ba tare da karantawa ba. Kowa yana sawa, ba mai cirewa.

Ɗan Lissafi

Bari mu gwada da lissafin da ɗan aji biyu zai iya yi. A ce akwai sunaye 120 a jere, mai nema kuma bai san ainihin sunan abin da yake so ba. Dole ya karanta ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ya dace da wuri, wani lokaci sai a ƙarshe, amma a matsakaici zai karanta kusan rabi, wato 60. Yanzu a raba sunayen nan 120 cikin folda 8, kowace da suna 15, bisa ga aikin da suke yi. Zai karanta kamar suna 4 kafin ya sami foldar, sa'an nan kamar 8 a cikinta. Jimla 12 ke nan a maimakon 60, ba tare da an cire ko manhaja ɗaya ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nazarin wannan. William Hick na Ingila a 1952, da Ray Hyman na Amurka a 1953, sun nuna cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya zaɓi abu yana ƙaruwa idan abubuwan zaɓi suka ƙaru. Masu ɗakin karatu ma sun riga masu kwamfuta gane haka. Tun 1876 Melvil Dewey ya raba littattafai zuwa manyan rukunai 10 bisa ga abin da suke magana a kai, tsarin da ɗakunan karatu da yawa suke bi har yanzu.

Mu ma ba baƙin wannan hikima ba ne. A kasuwa 'yan hatsi suna gefe guda, mahauta suna nasu, 'yan yadi da 'yan koli kowa da layinsa, dabbobi kuma suna kara. Baƙon da ya sauka daga motar Gwarzo yana neman tiyar gero ba ya tambayar sunan mai gero, layin hatsi yake tambaya. Abin da za mu yi wa kwamfuta ke nan: mu tsara ta bisa ga aiki.

Bambancin Suna Da Manhaja

Kafin a taɓa kome, akwai abu guda da ya wajaba kowa ya fahimta. Sunan da muke gani a jerin ba shi ne manhajar ba. Ɗan ƙaramin fayil ne wanda aikinsa kawai ya nuna inda manhajar take a rumbun ajiyar kwamfuta. Ana kiransa gajeriyar hanya, mu kuma a nan za mu kira shi manuniya. Idan aka dube shi a cikin folda, za a ga wata 'yar kibiya a gefen alamarsa. Kamar allon da ke bakin titi ne mai nuna hanyar asibiti. Wanda ya tuge allon bai rushe asibiti ba, ya dai sa baƙo ya sha wahalar nema.

Abubuwa biyu suke biyo bayan wannan. Na ɗaya, ana iya matsar da manuniya, a sake mata suna, ko a goge ta, manhajar tana nan lafiya. Na biyu, goge manuniya ba ya rage wa kwamfuta kaya, ba ya kuma ƙara mata sauri, domin girmanta bai taka kara ya karya ba. Wanda yake so ya rabu da manhaja sai ya cire ta ta hanyar da aka tanada. Haka nan kada kowa ya shiga foldar Program Files, inda ainihin manhajojin suke, ya ce zai matsar ko ya goge wani abu da hannu. Yin haka yana lalata manhajar, ya bar ɓurɓushinta a ko'ina.

Matakan Gyara

Wannan aiki na malamin kwamfuta ne ko wanda aka ɗora wa kula da ita, amma yana da kyau manyan ɗalibai su zauna su gani, su taimaka da rubutu.

Mataki na 1: A ƙirga kaya. A ɗauki takarda da biro, a buɗe jerin, a rubuta sunan kowace manhaja. A gaban kowace a sa ɗaya daga cikin alamomi uku: ana aiki da ita kullum, ana aiki da ita jefi-jefi, ko ba a san amfaninta ba. A zagaya da takardar wurin sauran malamai da akawu. Manhajar da ba ta da amfani a idon malamin Turanci, wataƙila da ita ake fitar da sakamakon jarrabawa. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na 2: A cire abin da ba a buƙata. A Windows 10 da 11 ana shiga Settings, sa'an nan Apps. A Windows 7 ana shiga Control Panel, sa'an nan Programs and Features. A zaɓi manhajar a danna Uninstall. A fara da masu maimaita juna: manhajar kallon bidiyo ɗaya ta isa, ta shiga intanet ɗaya ko biyu sun isa. Manhajar kariya daga ƙwayar cuta kuwa ɗaya tak ake bari tana gadi, domin idan biyu suna aiki tare sukan yi karo, kwamfuta ta yi nauyi. Amma a yi hattara. Akwai sunayen da ba mai buɗe su, duk da haka wasu manhajoji sun dogara da su, kamar waɗanda suka fara da Microsoft Visual C++, da na firinta, da na sauti, da na fuskar kwamfuta. Duk abin da ba a gane ba, a bar shi tukuna. Manhajar da aka saya da kuɗi kuma, kada a cire ta sai an tabbatar da faifanta ko lambar lasisinta tana hannu.

Mataki na 3: A buɗe inda manuniyoyin suke. Jerin da muke gani haɗin folda biyu ne, ɗaya ta kowa da kowa, ɗaya ta mai asusun da aka shiga. A danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R. Wani ɗan gurbi zai buɗe. Idan aka buga shell:common programs aka danna Enter, foldar kowa da kowa za ta fito. Idan aka buga shell:programs, ta mai asusun ce za ta fito. Gyaran foldar kowa da kowa yana buƙatar izinin mai kula da kwamfutar. Wanda ya gyara ɗaya ya mance da ɗayar zai ga tsofaffin sunaye suna nan daram.

Mataki na 4: A ajiye kwafi. Kafin a motsa kome, a kwafe foldojin nan biyu zuwa wani wuri dabam, a rubuta musu kwanan wata. Idan gyara ya karkace, sai a mayar da su yadda suke. Wannan ba ya ɗaukar minti biyu, rigakafi kuwa ya fi magani.

Mataki na 5: A buɗe sababbin foldoji bisa ga aiki. Ga shawarar da muke ganin ta dace da makaranta:

1 Rubutu da Ofis: Word, Excel, PowerPoint ko LibreOffice.
2 Karatu da Jarrabawa: gwajin JAMB, koyon buga rubutu, ƙamus, taswira.
3 Zane da Hoto: Paint, CorelDRAW da makamantansu.
4 Intanet: Chrome, Firefox ko Edge.
5 Sauti da Bidiyo: VLC da na naɗar murya.
6 Koyon Shirya Manhaja: Scratch, Python.
7 Kayan Gyara: kariya daga ƙwayar cuta, firinta, matse fayil.

Kwamfuta tana jera sunaye ne bisa ga haruffa, lambobi kuma suna riga haruffa. Don haka lambar da aka sa a gaban suna ita ke sa foldojinmu su hau can sama, a jeren da muke so. Kada foldojin su wuce bakwai ko takwas, in ba haka ba an koma gidan jiya. A guji buɗe folda mai suna Sauransu, domin nan da nan takan zama juji. Windows yana karɓar sunayen Hausa, har da masu ƙugiya irin su ƙ, ɗ da ɓ, amma idan allon buga rubutun ba a saita shi ya fitar da su ba, gara a zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya, don a iya buga su wajen bincike. Akwai kuma alamomin da ba a yarda a sa su cikin suna ba, daga ciki har da alamar tambaya, tauraro da ɗigo biyu.

Mataki na 6: A kwashe manuniyoyi zuwa gidajensu. Daga kowace tsohuwar folda a ɗauko manuniyar da ke buɗe manhajar kawai, a kai ta sabuwar folda. Takardun bayani da hanyoyin zuwa shafin kamfani sai a goge su, tsohuwar foldar da ta zama fanko ita ma ta bi su. Idan sunan yana da tsawo ko duhu, a sake shi yadda ƙaramin ɗalibi zai gane, amma a bar ainihin sunan a ciki, misali Excel Lissafi, domin da ainihin sunan zai gamu a littafi da jarrabawa. Kada a sa folda cikin folda. A Windows XP da 7 hakan yana aiki ko da yake yana gajiyar da hannu, a Windows 10 da 11 kuwa jerin hawa ɗaya kawai yake nunawa, ya zube sauran wuri guda.

Mataki na 7: A maƙala na kullum a gaba. Manhajoji biyar ko shida da ake buɗewa kowace rana ba sa buƙatar a shiga folda. A danna ɓangaren dama na linzami a kan sunan, a zaɓi Pin to Start ko Pin to taskbar, sai ta zauna a gaba ko a layin ƙasa. Tun daga 2022 Windows 11 yana ba da damar a ja wata alama a ɗora kan wata a wannan wuri, su zama folda guda. Duk mai wayar Android ya san wannan dabara.

Mataki na 8: A gwada. A kira ɗalibi daga ƙaramin aji, a ce ya buɗe abin buga wasiƙa, sa'an nan na zane, sa'an nan na gwajin jarrabawa, ba tare da an nuna masa ba. Inda ya tsaya yana ruwan ido, nan ne gyara bai kammala ba.

Abubuwan Lura

Akwai foldojin da ba a taɓawa. Ta farko ita ce Startup. Duk manuniyar da ke cikinta tana tayar da manhajarta da zarar an kunna kwamfuta, saboda haka kada a matsar da foldar ko a sake mata suna. Mai kula kaɗai zai duba cikinta, domin yawan kaya a nan yana cikin abubuwan da ke sa kwamfuta jinkirin tashi. Haka kuma foldojin da Windows ya zo da su, kamar Accessories da Administrative Tools, a bar su a inda suke.

Wasu manhajojin da aka sauko da su daga Microsoft Store ba su da manuniya a foldojin nan biyu. Su sai dai a maƙala su a gaba ko a cire su. Idan aka sabunta wata manhaja, tana iya sake buɗe tsohuwar foldarta, sai a sake kwashewa. Idan kuma aka cire manhajar da aka riga aka matsar da manuniyarta, manuniyar takan rage ba ta nuna kome, sai a goge ta da hannu.

Wani abin da ya kamata ɗalibai su sani shi ne, ba kowace manuniya ce ta kirki ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ta yaɗu ta hanyar filash, wadda ke ɓoye fayilolin mutum ta bar manuniyoyi masu sunansu. Wanda ya danna ɗaya ya shigar da cutar cikin kwamfuta. Duk wanda ya sa filash ya ga 'yar kibiya a kan foldojinsa, kada ya buɗe, ya kai wa malami.

Masu aiki da Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, sun ɗan sami sauƙi. A can kowace manhaja tana zuwa da bayanin rukunin da take ciki, jerin na Linux Mint kuma da kansa yake raba su zuwa ofis, intanet, zane da sauransu. Wannan yana da amfani ga masu tsofaffin kwamfutoci, tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Ga Bincike, Me Ya Sa Za A Wahala?

Wasu za su ce tun da ana iya danna maɓallin Windows a buga haruffa biyu ko uku manhaja ta fito, ina amfanin duk wannan aiki? Gaskiya ne bincike ya fi kome sauri, muna kuma so kowane ɗalibi ya koye shi. Sai dai bincike yana taimakon wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema, ya kuma iya rubuta shi daidai. Yaron da ya zo daga firamare a ƙauye bai taɓa jin sunan PowerPoint ba, balle ya buga shi. Shi da ido yake koyo. Idan ya buɗe foldar Rubutu da Ofis ya ga abubuwa huɗu, ya san iyakar abin da ke wurin, gobe kuma zai tuna. Tsari na mai koyo ne, bincike na wanda ya ƙware, makaranta kuwa tana da duka biyun.

Yadda Gyaran Zai Ɗore

Share ɗaki sau ɗaya ba ya hana ƙura dawowa. Muna ba da shawarar ƙa'idoji huɗu. Na ɗaya, a buɗe wa ɗalibai asusu na gama-gari wanda ba shi da ikon ɗora manyan manhajoji ko taɓa foldar kowa da kowa, asusun mai kula kuma a sa masa kalmar sirri. Na biyu, a ajiye littafi a ɗakin kwamfuta, duk abin da aka ɗora ko aka cire a rubuta sunansa, ranar, da wanda ya nema. Na uku, duk kwamfutocin ɗakin su kasance da tsari iri ɗaya, yadda idan malami ya ce a buɗe folda ta 2, kowa zai ga abu guda a gabansa. Na huɗu, a ware rana ɗaya a ƙarshen kowane zangon karatu a sake duba jerin. Idan an kai kwamfuta gyara, a haɗa ta da takardar manhajojin da ake so, a roƙi mai gyara kada ya ƙara kome.

Waɗannan ƙa'idoji sun shafi kwamfutar ofishin makaranta, ta ofishin ikilisiya, ta shagon buga takardu, da ta gida. Ko'ina aka sami mutum fiye da ɗaya a kan kwamfuta guda, wanda zai zo bayanka yana da hakki a kanka.

Kammalawa

Mun ga cewa sunan da ke cikin jerin manuniya ce kawai, mun ga dalilan da ke sa jerin ya cika, mun kuma bi matakai takwas na gyara shi. Aikin ba ya buƙatar sayen kome, yamma ɗaya ta isa a gama kwamfutar farko, sauran kuma su bi sawunta. Ribarsa ita ce mintocin da za su dawo cikin darasi, da man janareta da zai tafi kan koyo, da yaron da zai zauna gaban kwamfuta ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Muna kira ga shugabannin ɗalibai masu kula da ɗakin kwamfuta su fara da mataki na 1 a makon farko na zango mai zuwa, su kawo wa malaminsu takardar. Ga ɗalibanmu masu fita a bana kuma, duk ofis ko shagon da kuka sami kanku, ku bar kwamfutar wurin a tsare fiye da yadda kuka same ta. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu ikon kula da abin da aka damƙa a hannunmu, amin.